Dalma a Goshin Babur

Tun kafin tayar gaba ta gama sauka daga kan katako Gamsheƙa ya ji abin a kafaɗunsa. Kan babur ɗin ya yi nauyi.

Ya tsaya cak a tsakiyar gareji. Ya ɗan cicciɓa gaban, ya sake shi, ya sake cicciɓawa. Shekara uku yana hawan wannan babur, babu notin da bai taɓa kwancewa da hannunsa ba. Shi ya cire fitila, ya cire madubi, ya yanke rabin kujera, ya bi duk ƙarfen da za a iya hudawa ya huhhuda shi kamar rariya don a rage nauyi. Ranar tsere ko karin kumallo ba ya yi. Irin wannan mutum ba a ɗora wa babur ɗinsa kaya ya kasa ji.

Gobe ne karon ƙarshe na bana, mita ɗari huɗu miƙe sambal a tsohon titin jirgi na bayan gari, shi da abokin hamayyarsa Reza. An sa masa Gamsheƙa ne saboda da an saki tuta babur ɗinsa ke miƙewa a kan tayar baya kamar macijin da ya fasa kai, 'yan kallo su yi ta ihu. Ihun ba ya cin tsere dai. Sau biyu Reza yana shan gabansa, a na biyun ma sai da aka kwashe shi a ƙasa da gocewar kafaɗa. A gadon asibiti matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta sa shi ya rantse: idan Reza ya sake cinye shi, hular kwano ta hau ƙusa, babur ya tafi kasuwa. Ya rantse, kuma a gaban yayanta. Yayan nan nata shi ne mai garejin, shi ne bakanike, shi ne mai walda, kuma in ban da Gamsheƙa shi kaɗai ke da makullin ƙofar.

Yanzu Yaya ya fita sayen iskar walda. Gamsheƙa ya tura babur zuwa shagon Ɗan Gwangwan, ƙofa biyu daga nan, inda akwai babban sikelin ƙasa na auna tsoffin ƙarafa.

"A'a, yau an kawo mana shi ke nan?" Ɗan Gwangwan ya taso yana goge hannu a wando. "Na daɗe ina cewa ƙarshensa wurina ne. Sai dai ka cika shi da huji, ba zai yi auki ba."

"Bar wasa. Janye wannan buhun in ɗora tayar gaba."

Allura ta yi rawa, ta tsaya a hamsin da biyu.

"Sikelinka ƙalau yake?"

"Ya fi ka lafiya."

Makon jiya a kan wannan sikeli, wannan taya, arba'in da takwas aka gani. Kilo huɗu. Shi da ya yi wuni guda yana gurza ƙarfe don ya rage rabin kilo.

"Yaya ya shigo nan kwanan nan?" ya tambaya kamar ba komai.

"Surukinka? Shekaranjiya. Matattun batiran mota ya kwasa, guda biyu. Na ce me za ka yi da gawa, ya ce dalmar ciki yake so." Ɗan Gwangwan ya kashe ido ɗaya. "Ya ce kada in gaya wa kowa. To ai kai ba kowa ba ne, ko?"

Gamsheƙa ya juya babur ya koma.

Bai sha wahalar nema ba. A goshin babur, inda fitila take a da, akwai farin allo mai lambar tsere. Ya kwance shi. A bayansa ga wani bututun ƙarfe, tsawonsa bai kai daga yatsa zuwa gwiwar hannu ba, an toshe bakinsa biyu, an ɗaure shi da noti huɗu, an shafe shi da baƙin fenti don ya saje da jikin babur. Fentin ma bai gama daina wari ba. Ya ƙwanƙwasa da sifana. Babu amo, sai wani dum kamar an bugi buhun yashi.

Ya zaga bayan gareji, inda ake zubar da baƙin mai. Ga ɓawon batiran a fashe. Ga toka. Kuma a ƙarƙashin wata tsohuwar taya ga wata ƙaramar tukunya, cikinta ya yi furfura da busasshiyar dalma.

Ya san tukunyar. Hannunta ɗaya ya taɓa ɓallewa, shi da kansa ya ɗaure shi da wayar birki. Tukunyar ɗakin girkinsa ce.

Ya daɗe a tsugune. Wa da ƙanwa ke nan. Ita ta ba da tukunya, shi ya hura wuta. A ɗora masa kilo huɗu a ɓoye, Reza ya wuce, sannan a zo ana shafa masa baya ana cewa haka Allah ya so, miƙo hular.

Zuciyarsa ta ce ya jira Yaya a bakin ƙofa ya jefa masa bututun a ƙafa. Ya fasa. In ya yi haka, Yaya na da sauran wuni guda da hannu mai dabara, zai ɓoye wani abin a inda ba za a gano ba. Gara ya bar su su saki jiki.

Ya kwance noti huɗun. Bututun ya faɗo masa a hannu da nauyin da ya fi ƙarfin girmansa. Ya cusa shi can ƙasan jakar hular kwano, ya rufe da tsumma. A kwandon guntayen ƙarfe ya sami ragowar bututun da aka yanko wannan daga jikinsa. Ya auna, ya yanke daidai, ya toshe baki biyu da walda irin tasa ta koyo, ya fesa baƙin fenti, ya shanya a rana kan rufin kwano. Kafin rabin awa holoƙon bututu na zaune a goshin babur, allo ya koma wurinsa.

Ya cicciɓa gaban. Sakayau. Ya yi murmushin da bai kai ido ba.

Yaya ya dawo da tulun iska a bayan kekensa mai ƙafa uku. Ƙato ne, ba ya son yawan magana, kuma yau bayan hannunsa na dama na naɗe da bandeji.

"Sannu da dawowa, Yaya. Me ya sami hannun?"

"Wuta."

"Ta walda?"

"Wuta dai wuta ce, Baban Biyu." Ya sauke tulun. Idonsa ya kai kan allon lamba, ya dawo da sauri. Gamsheƙa ya gani. "Ka taɓa babur ɗin?"

"Goge shi kawai na yi."

Yaya ya zaro wani abu daga cikin takarda ya ajiye a kan benci. Faifan haƙora ne na tayar baya, wanda sarƙa ke hawa, sabo fil, ya fi na jikin babur faɗi. Wata shida Gamsheƙa yana roƙon a sa masa irinsa, don shi ke sa babur ya fizga da ƙarfi daga tsaye. Wata shida Yaya yana cewa a'a, zai kife da kai ta baya.

"Yau kuma?" in ji Gamsheƙa.

"Yau ya dace."

"Me ya canja?"

"Miƙo min sifana sha huɗu."

Ya miƙa masa. Yana kallon ƙeyar Yaya, yana kallon bandejin, yana lissafi. An ba shi abin da yake so ne don daɗin fizga ya rufe masa ido, kada ya ji nauyin gaba. Wayo ne mai kyau. Sai dai yanzu faifan ya zama nasa, nauyin kuma yana cikin jaka.

"Gobe," in ji Yaya ba tare da ya ɗago ba, "da an saki tuta ka murɗe totur har ƙarshe. Kada ka sassauta, ko na ƙiftawar ido."

"In sha Allahu, Yaya. Har ƙarshe."

A gida ya tarar da Maman 'Yan Biyu tana waƙa. Rabon da ya ji ta tana waƙa a jajibirin tsere tun kafin a haifi yaran. Ga su can suna rarrafe a kan tabarma suna jayayya a kan murfin roba. Ta ajiye masa abinci, ta zauna a gefe tana ninke wanki.

"Ina ƙaramar tukunyar nan mai waya a hannu?" ya tambaya.

Hannunta ya tsaya a kan rigar yaro, sannan ya ci gaba. "Maƙwabciya ta ara."

"Wacce?"

"Yau kuma ƙidayar tukwane ka koma? Ci abincinka."

Ya kai loma. Idonsa ya faɗa kan bango, kusa da ƙofa. An buga sabuwar ƙusa, doguwa, babu komai a rataye.

"Wannan fa?"

"Ƙusa ce."

"Na ga ƙusa ce. Ta mece ce?"

"Ba a rasa abin ratayewa a gida." Ta ɗago ta dube shi, idonta ya sauka a kan kafaɗar da ta goce, ya daɗe a wurin. "Gobe zan zo kallo. Na yi magana da Inna za ta riƙe min yara."

"Ke da kika ce ko sunan titin ba kya son ji?"

"Na canja shawara. Laifi ne?"

"Ko kusa," in ji shi. Ya jawo jakar hular kwano kusa da ƙafarsa, ya ci gaba da cin abinci ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari da hantsi titin jirgi ya cika. Motoci sun yi layi a gefe, mutane a kan rufinsu, warin mai da ƙonanniyar taya ya cika iska. Dokar karon ƙarshe ba ta da wuya: sau uku ake karawa, wanda ya ci biyu ya ci. Kafin nan kowane babur sai ya hau sikelin alƙalai.

Reza ne ya fara. Siriri ne, da ɗan gemu, kullum da tsinke a baki. Babur ɗinsa mummuna ne, da wani baƙin akwati a ƙarƙashin lamba wanda Gamsheƙa ya daɗe yana yi wa dariya yana cewa a nan yake ajiye abincin rana.

"Gamsheƙa, yau ma za a fasa mana kai?" in ji Reza. "Ka yi a hankali, asibiti ba sa aiki sosai ranar hutu."

"Ka dai shirya kallon tayar bayana."

Aka tura na Gamsheƙa kan sikeli. Mai Sikeli ya gyara tabarau ya ɗaga murya. "Lamba bakwai, kilo ɗari da biyu!"

Gamsheƙa bai kalli allura ba, fuskar Yaya yake kallo. Ya ga yadda bakinsa ya ɗan buɗe.

"Sake dubawa," in ji Yaya.

"Ɗari da biyu, malam. Na gaba!"

Yaya ya sunkuya, ya zura sifana ta bayan allon lamba ya ƙwanƙwasa. Bututun ya yi ƙara ƙwal, kamar gwangwanin da ba komai a ciki. Ya miƙe a hankali, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ina abin da ke ciki?"

"Wane abu, Yaya?"

"Baban Biyu, ba lokacin wasa ba ne. Ina yake?"

"Ni ban san akwai wani abu ba. Ko akwai abin da ya kamata in sani?"

Lasifika ta kira lamba bakwai da lamba uku. Gamsheƙa ya sa hular kwano, ya haye, ya buga babur. Yaya ya damƙe kan babur ɗin da hannun bandeji.

"Kada ka hau layi haka. Da wannan faifan? Wallahi zai kife da kai. Ba ni minti biyar in mayar da tsohon."

"Jiya ya dace, yau bai dace ba?"

"Jiya akwai..." Yaya ya waiga wajen 'yan kallo. Can a gaban igiya Maman 'Yan Biyu na tsaye, ta dunƙule gefen mayafinta a hannu.

"Ƙarasa mana," in ji Gamsheƙa. "Ko in ƙarasa maka? Sakar min babur, Yaya. Ina ganin girmanka."

Ya fizge, ya tafi layi.

Mai tuta ya ɗaga hannu. Injuna biyu suka yi kururuwa. Tuta ta sauka, Gamsheƙa ya saki kuloci ya murɗe totur har ƙarshe.

Titin ya ɓace. Abin da ya gani kawai sama ce, shuɗiya, da tankin mai yana tahowa fuskarsa. Babur ɗin ya miƙe tsaye ƙyam, ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ci gaba da komawa baya. Ya ji guntun ƙarfen bayan kujera ya karci kwalta. Ƙafarsa ta lalubi birkin baya ta taka da dukkan ƙarfinta. Gaban ya faɗo kamar an jefo shi daga bene, haɓarsa ta daki tanki, kan babur ya yi ta kaɗawa hagu da dama kamar zai tsinke. Da ƙyar ya riƙe. Lokacin da ya iya ɗago ido, Reza ya zama ɗan ɗigo a ƙarshen titi.

'Yan kallo kuwa ihu suke, sun ji daɗi.

Ya dawo a giya ɗaya, bakinsa cike da jini. Ya cire hular. Minti goma ne tsakanin karo da karo. Ɗaya ya tafi. In wani ya tafi, ƙusar nan ta sami kaya.

Yaya na jiransa a inuwar motar ɗaukar kaya, sifana a hannu.

"Ka ga abin da nake faɗa?"

"Na ga ka sa min faifan da zai kashe ni."

"Na sa maka faifan da ke tafiya da dalma! Kai ka raba su!" Gamsheƙa bai taɓa jin Yaya ya ɗaga murya haka ba. "Tare aka yi su. Ɗaya na tura ka, ɗaya na danne maka kai. Ka cire ɗaya ka bar ɗaya, kuma ka rufe min ido da holoƙon bututu. Da ka bar wurin a buɗe ai da na gani tun jiya."

"Ka ɗora min kilo huɗu a ɓoye, ka ce taimako ne?"

"Sau nawa na gaya maka a fili? Sau uku. Ka ce wanda ya ƙara wa babur ɗinka ko allura ba masoyinka ba ne. To amsa min. In kan nan ya tashi, hannunka na dama me yake yi?"

Gamsheƙa ya tofar da jini.

"Sassautawa yake. Kullum. Kai kana sama kana gaisawa da 'yan kallo, Reza yana ƙasa yana tafiya. Kilo huɗu zai ci maka taku ɗaya. Fasa kan nan naka tsawon babur uku yake ci maka."

Maganar ta shiga, amma ba ta zauna ba. Wanda ya iya ɓoye bututu ai zai iya tsara zance.

"Tukunyar fa?" ya ce a hankali. "Tukunyar ɗakina ce, Yaya."

Yaya ya kawar da kai. "Wannan sai an gama."

"Ka gani ko? To don me zan yarda da kai?"

"Kada ka yarda da ni. Je ka gaishe da Reza. Ka ɗan ɗaga masa gaba."

Gamsheƙa ya dube shi, ya dubi agogon da ke rataye kusa da lasifika. Saura minti shida. Ya taka zuwa inda Reza ke zaune a kan akwatin kayan aiki, mutanensa na yi masa fifita da kwali.

"Na zo taya murna," in ji shi. "Ka yi tashi mai kyau."

"Kai ma ka yi tashi. Sama dai."

Suka yi dariya. Gamsheƙa ya yi kamar jiri ya ɗebe shi, ya dafa kan babur ɗin Reza da hannu biyu, ya ɗan yi sama da shi. Ko gezau. Kamar an kafe tayar a kwalta. Ya kai gwiwa ya ɗan bugi baƙin akwatin nan na abincin rana. Dum.

Reza ya yi zumbur ya buge masa hannu. Tsinken ya faɗo daga bakinsa. "Kai, a kan me? Taɓa naka!"

Gamsheƙa ya riga ya juya. Ya fara da tafiya, ya ƙare da gudu.

"Bututun yana ina?" in ji Yaya. "In ka bar shi a gareji mun gama."

Gamsheƙa ya zazzage jakar hular kwano. Bututun ya faɗo a ƙasa, ya yi rami a turɓaya.

Yaya ya dube shi. "Me ya sa ka taho da shi?"

"Don in jefa maka a ƙafa a gaban mutane, in na ci."

"To ka jefa. Riƙe allon."

Noti huɗu suka fita, holoƙon ya tafi cikin ciyawa. Bandejin Yaya ya jiƙe da jini a noti na uku, bai tsaya ba. Mai Sikeli ya leƙo yana gyara tabarau.

"Me ake ƙarawa nan?"

"Nauyi," in ji Yaya.

"Ƙari ba laifi, ragi ne laifi. A dai ɗaure da kyau, kada ya faɗo wa wani a ƙafa. Saura minti ɗaya!"

A kan layi kan babur ɗin ya yi masa nauyi kamar na wani. Hannunsa na dama ya riga ya shirya sassautawa, don ya tuna saman nan shuɗiya. In Yaya ƙarya yake, nan da daƙiƙa goma sha biyu komai ya ƙare. In gaskiya yake kuma shi ya sassauta, duk ɗaya ne.

Tuta ta sauka. Ya murɗe har ƙarshe, ya cije leɓen da ya fashe.

Tayar gaba ta tashi kamar faɗin tafin hannu, ta yi shawagi, ta koma ta manne. Titin bai ɓace ba. Yana nan a gabansa, yana shigewa ƙarƙashinsa da saurin da bai taɓa gani ba. Giya biyu. Giya uku. A gefen idonsa ga gwiwar Reza, sai ta koma kafaɗar Reza, sai tayar gaban Reza, sai babu komai. Ya tsallake farin layi shi kaɗai.

Ihun bai kai na ɗazu ba. Wani daga kan rufin mota ya ƙwala, "Gamsheƙa ya zama kunkuru!" Aka fashe da dariya. Bai ko waiga ba.

Karo na uku Reza ya zo ba tsinke a baki. Ya yi tashin da bai taɓa yi ba, har tsakiyar titi suna kafaɗa da kafaɗa, ƙarar baburan biyu na tsage kunne. Gamsheƙa ya kwanta a kan tanki, haɓarsa a kan tabon jininsa na ɗazu, bai ɗaga wa totur ƙafa ba. A mita hamsin na ƙarshe ya ga inuwar Reza ta fara zamewa baya. Rabin taya ne ya raba su, amma rabin tayar nasa ne.

Ya kashe babur a inuwar motar. Ya zauna a ƙasa. Mutane suka yanyame shi, ana bubbuga masa baya, har Ɗan Gwangwan ya ɓullo daga wani wuri yana cewa dalmarsa ce ta ci, a rubuta. Yaya na gefe yana sake naɗe hannu da tsumma.

Taron ya dare. Maman 'Yan Biyu ce ta ratso. Ta tsaya a kan mijinta, ta kama haɓarsa ta juya ta hagu da dama tana duba leɓen. Yatsunta sanyi ƙalau. Ta sake shi, ta juya.

"Yaya, zo mana."

Yaya ya matso kamar yaron da aka kira gaban allo.

"Kilo nawa ka sa?"

"Huɗu."

"Na ce ka ɗora masa nauyi ya ja baya, a gama da wannan abin kowa ya huta. Ka ce min to."

"Kin ce in ɗora nauyi, na ɗora. Abin da na yi miki alkawari shi ne ba za a sake kwaso miki shi daga ƙasa ba."

"Na farkon fa? Saura kaɗan in haɗiye zuciyata a tsaye!"

"Wannan ki tambayi mijinki. Shi ya cire."

Ta dawo da ido kan Gamsheƙa. Shi ma ya zuba mata nasa.

"Maƙwabciya ta dawo da tukunyar?" ya tambaya.

Idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen mayafi da sauri kamar ƙura ce. "Ni na ɗauke ka daga asibiti, ni na yi wata biyu ina sa maka riga. Ko gobe aka ce in ba da tukunya zan bayar. Kuma sabuwa za ku sayo min, ku biyun, tunda kun haɗa kai."

"Mu muka haɗa kai?"

"Ku mana."

"Ƙusar fa?"

"Tana nan. Ba ta cin abinci, za ta jira."

Ta gyara mayafi za ta wuce, sai ta tsaya a gaban babur. Allon lamba ya ɗan karkace, baƙin bututun na leƙowa. Ta sunkuya tana kallonsa, ta kai yatsa ta taɓa notin ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan huɗun ne kawai ke riƙe da shi?" ta tambaya.

Ta gyaɗa kai kamar wadda ta sami abin da take nema, ta tafi.

Gamsheƙa ya bi ta da kallo har ta shige cikin mutane. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauke sifana daga kan tsumma, ya sa a aljihunsa.

"Yaya."

"Na'am."

"Gobe da safe a yi masa walda. A haɗe shi da jikin babur gaba ɗaya."

Yaya ya ƙulle tsumman hannunsa da haƙori. "Ai tun ɗazu nake tunanin haka," in ji shi. "Kuma makullin gareji, ka daina barinsa a aljihun wandon wanki."